Mujalla ta ce in faɗi inda bayanan bincikena suke: in bayar ko in noƙe?

Tambayar ta fito ne daga wata ɗalibar digiri na uku a fannin lafiyar al'umma. Ta yi bincike kan haihuwa a gida a wasu ƙauyuka: ta bi gida-gida tana cike takardun tambayoyi da mata, ta kuma naɗi hirarraki da ungozomomi. Mujallar da ta aika wa maƙalarta ta ce sai ta bayyana inda bayanan binciken suke da yadda wani zai iya samun su. Malamin da ke duba aikinta ya ce ta rubuta cewa za a bai wa duk wanda ya nema bisa dalili mai ƙarfi, shi ke nan, ai haka kowa yake yi. Ita kuwa abu biyu ke damun ta: kada wani ya kwashi wahalarta ya riga ta wallafawa, kada kuma asirin matan da suka amince da ita ya tonu. Ga amsar.

Malama, malaminki bai yi ƙarya ba. Haka mafi yawan mutane suke rubutawa, kuma akwai editoci da dama da za su karɓa ko ɗaga kai ba za su yi ba. Sai dai wannan jimlar edita kaɗai take sallama. Ba ta adana komai, ba ta kuma kare kowa, har ke kanki.

An gwada ta an gani. A 2022 wasu masu bincike 'yan ƙasar Kuroshiya suka zaƙulo maƙalu 1,792 waɗanda marubutansu suka rubuta da hannunsu cewa za su ba da bayanai idan an nema, suka bi su da imel ɗaya bayan ɗaya. Kashi 93 cikin 100 ko dai sun yi gum ko sun ƙi. Waɗanda suka bayar ba su cika kashi 7 ba. Tun a 2006 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan sun yi irin wannan gwajin da maƙalu 141 na fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kashi 73 ba su bayar ba. Amma wanda ya fi shafar ki shi ne na Timothy Vines da tawagarsa, da ya fito a mujallar Current Biology a 2014. Sun bi sawun maƙalu 516 da aka wallafa tsakanin 1991 da 2011, suka tarar yiwuwar a ce bayanan suna nan da ransu tana raguwa da kashi 17 cikin 100 a kowace shekara. Yawancin marubutan nan ba rowa ce ta hana su ba. Adireshin imel ya mutu, faifan da aka ajiye fayil a kai babu na'urar da za ta karanta shi, mai fayil ɗin ya sauya wurin aiki. A wajenmu ki ƙara da laftof da wutar NEPA ta ƙona, da filashin da aka kai shagon buga takardu ya dawo da ƙwayar cuta, da wayar da aka fizge a tasha. Wanda ya fara asarar bayanan da ba a adana ba shi ne mai su, kuma sau da yawa bai san ya yi asarar ba sai ran da ya zo rubuta maƙala ta biyu.

Don haka ki fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Adanawa daban, rabawa daban. Adanawa wajibi ce a kanki, ko mujalla ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Rabawa kuwa hawa-hawa ce: akwai abin da za a buɗe wa duniya, akwai abin da sai an nemi izini an sa hannu a takarda, akwai kuma wanda har abada ba zai fita daga jami'arku ba. Ƙa'idojin da ake kira FAIR, waɗanda aka wallafa a mujallar Scientific Data a 2016, mutane da yawa sun ɗauka cewa suka yi a watsa komai a fili. Ba haka suka ce ba. Cewa suka yi a iya gano bayanan suna nan, a san hanyar da ake bi a same su, a iya haɗa su da wasu, a kuma iya sake amfani da su. Hanyar da ake bi ɗin tana iya zama ƙofa mai kwaɗo, in dai an faɗi wanda ke riƙe da makulli da sharuɗɗan buɗewa.

Mujallun ma ba don neman fitina suke tambaya ba, sun sha wuya ne. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na Amurka suka wallafa cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu ainihin fayil ɗinsu na Excel, ya ga lissafin ya tsallake ƙasashe biyar, ban da wasu matsalolin. Da aka gyara, matsakaicin bunƙasar da suka ce ya yi ƙasa da sifiri ya koma kashi 2.2. Shekara uku kuskuren yana yawo saboda babu wanda ya buɗe fayil ɗin. Na fanninku ya fi wannan muni. Ranar 22 ga Mayun 2020 mujallar Lancet ta fitar da maƙala kan maganin hydroxychloroquine da cutar korona, wadda aka ce an gina ta a kan bayanan majinyata kusan 96,000 daga asibitoci 671, har da na Afirka, ta hannun wani kamfani mai suna Surgisphere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani sashe na gwajinta saboda ita. Da aka ce kamfanin ya kawo bayanan a tantance, ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar. Shi ya sa ƙa'idoji suke ta tsananta. Mujallun PLOS sun wajabta bayyana inda bayanai suke tun watan Maris na 2014, kuma ba sa yarda marubuci ya zama shi kaɗai ne ƙofar samun su. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya buƙaci irin wannan bayani a rahotannin gwajin magani daga Yulin 2018. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, kuma, daga 25 ga Janairun 2023, ba ta ba da tallafin binciken da zai samar da bayanai sai mai nema ya rubuta tsarin yadda zai kula da su ya kuma raba su.

Yanzu ga inda ya fi muhimmanci a lamarinki, wato matan nan. Kafin ki buɗe kowane fayil, ki ɗauko takardar amincewar da aka karanta musu suka sa hannu ko suka dangwala yatsa. Me aka ce musu? Idan an ce babu wanda zai ga amsoshinsu sai ke da tawagarki, to alƙawari ne, kuma babu editan da ya isa ya sa ki karya shi. Idan an ce za a iya bai wa wasu masu bincike bayan an cire duk abin da zai nuna su, hanya a buɗe take. Idan kuma takardar ta yi shiru kan batun, kamar yadda yawancin takardunmu suke, ba ke za ki yanke hukunci ba, ba kuma malaminki ba. Ki koma wurin kwamitin ɗa'ar bincike da ya ba ki izini tun farko, ki rubuta musu abin da kike son fitarwa da yadda kika tsabtace shi, su ba ki amsa a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma kada ki manta manyan rumbunan intanet ɗin da za mu ambata duk a ƙasashen waje suke. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da ke biyo bayan wasa da amincewar mutane ba. Gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabon da masu aikin rigakafi suka daɗe suna fama da shi. Duk mai bincike da ya shiga ƙauye yana cin amanar da waɗanda suka gabace shi suka bari ne, ko ya biya bashin da suka ci.

Wannan matsalar tun ranar rubuta takardar amincewa ake warware ta, ba a fafe gora ranar tafiya. A bincikenki na gaba ki sa sakin layi guda, da Hausa mai sauƙi, da ke cewa za a adana amsoshin a wuri mai tsaro, za a iya bai wa wasu masu bincike bayan an cire suna da duk wata alama, kuma mace tana da ikon ta ce a yi hira da ita amma kada a raba nata.

Sai batun cire alama, wanda mutane suke ɗauka goge suna da lambar waya ne kawai. Latanya Sweeney ta nuna cewa da abu uku, lambar yankin gidan waya da jinsi da cikakkiyar ranar haihuwa, ana iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya-ɗaya. Wannan a ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane ke nan, ina ga ƙauye mai gida ɗari biyu. Ki kalli layi guda a fayil ɗinki: sunan ƙauye, shekara 19, mata ta uku a gidan, ta haifi tagwaye a watan azumi, ɗaya bai zo da rai ba, mijin yana da injin niƙa. Babu suna a layin, amma duk yaron da ya taso a garin zai nuna miki ƙofar gidan. A wannan layin kuma akwai amsarta kan ko ta taɓa shan maganin tsarin iyali ba da sanin mijinta ba. Irin wannan amsar tana iya kashe aure.

Abin yi shi ne ki dusashe bayanan har sai kowace mace ta ɓace a cikin 'yan'uwanta. Sunan ƙauye ya koma lamba, ko ki tsaya a matakin ƙaramar hukuma. Shekaru su koma rukuni, 15 zuwa 19, 20 zuwa 24. Ranar haihuwa ta koma shekara kawai. Sana'o'in da mutum ɗaya ko biyu ke yi a haɗe su a ƙarƙashin "sauran sana'o'i". Mai 'ya'ya 14 a sa ta cikin "10 ko fiye". Amsoshin da aka rubuta da baki a karanta su ɗaya bayan ɗaya, don a nan ne sunan mai unguwa da na malamar asibiti suke maƙalewa. Idan da manhajar cike tambayoyi a waya irin KoboToolbox ko ODK kuka tattara, ki duba da kyau, mai yiwuwa fayil ɗin yana ɗauke da lambobin GPS na ƙofar kowane gida da lokacin da aka fara hira da lokacin da aka gama. Shirin DHS, wanda da shi ake yin babban binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya da Nijar da sauran ƙasashe, da gangan yake gusar da wurin da aka yi hira kafin ya fitar: har kilomita 2 a birni, har kilomita 5 a karkara, kashi ɗaya cikin 100 na wuraren karkara kuma har kilomita 10. Duk da haka sai mutum ya yi rajista ya faɗi abin da zai yi kafin a ba shi. Bayan kin gama, ki haɗa ginshiƙai uku ko huɗu ki ƙirga: duk inda haɗin ya bar mace ɗaya ko biyu, aiki bai ƙare ba.

Muryoyin ungozomomi kam a ganina kada su fita. Murya ita kanta shaida ce, kuma ungozoma a ƙauye ba ta da yawa. Abin da za ki iya bayarwa shi ne rubutacciyar hirar da aka tsabtace, ita ma ta ƙofa mai kwaɗo, tare da jerin tambayoyin da kika bi da tsarin da kika rarraba amsoshi da shi. Edita mai hankali zai gamsu da wannan.

Tsoronki na biyu, wato a riga ki, ba zan ce miki ba shi da tushe ba. Wanda yake zaune a jami'a mai wuta dare da rana, da ƙwararren masanin ƙididdiga a ofishin da ke kusa, zai iya fitar da maƙala uku daga fayil ɗinki kafin ki gama duba takardun jarrabawar ɗalibai. Ba mu kaɗai ke wannan ƙorafin ba: a Janairun 2016 editocin New England Journal of Medicine sun rubuta sharhin da ya ambaci masu cin gajiyar bayanan wasu da laƙabin ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin wani, aka yi musu ca. Afirka kuma ta ɗanɗana nata. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu, irin su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka gano nau'in Omicron na cutar korona suka sanar da duniya nan take, ladan da aka ba ƙasashensu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama, har Birtaniya ta haɗa da Najeriya a watan Disamba. Shi ya sa shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin halitta, wanda NIH da Wellcome suka ɗauki nauyi, ya tsara wa masu binciken Afirka wa'adi mai tsawo da za su fara cin moriyar bayanansu kafin wasu su samu damar wallafawa da su.

Maganin wannan tsoro yana cikin tsarin kansa, ba sai kin ɓoye ba. Na farko, mujalla ba duk abin da kika tara take nema ba, abin da ke ƙarƙashin alƙaluman wannan maƙalar take so. Idan takardar tambayoyinki tana da tambaya 120 kuma maƙalar ta yi amfani da 25, to 25 ɗin za ki ajiye a fili, sauran su jira. Na biyu, rumbunan adana bayanai suna ba da damar sa wa'adi: ki ɗora yau, ki ce kada a buɗe sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Na uku, da zarar kin ɗora za a ba fayil ɗin lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, mai ɗauke da sunanki da kwanan wata, irin wadda ake ba maƙala. Ita ce shaidarki. Fayil ɗin da kika tura wa wani ta WhatsApp ko imel don ya roƙe ki bisa dalili mai ƙarfi shi ne wanda ba shi da shaida, kuma a abin da na gani ta nan aka fi cutar mutane, a hannun na kusa, ba a hannun baƙon da ya sauke daga rumbu ba. Akwai ma riba. Heather Piwowar da Todd Vision sun gano a 2013 cewa maƙalun wani reshe na binciken ƙwayoyin halitta da suka ajiye bayanansu a fili sun fi takwarorinsu samun ambato da kusan kashi 9 cikin 100. A gida ma ga misali: tarin saƙonnin Twitter na NaijaSenti da Shamsuddeen Muhammad da abokan aikinsa suka fitar a 2022, na Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin, sakin sa a fili ne ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suke aiki da shi suna ambaton masu shi. Na san kwamitin ƙarin girma a jami'o'inmu maƙala yake ƙirgawa, ba fayil ba. To akwai mujallu irin su Scientific Data da Data in Brief da ke wallafa maƙalar da aikinta kawai ta bayyana tarin bayanai, sai ki jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai dai ɗora fayil ba shi ne adanawa ba idan babu mai gane shi. Ki buɗe naki yanzu ki duba. Ginshiƙi mai suna Q14b, a ƙarƙashinsa 1, 2, 2, 3, 9, 99, wasu gurabe kuma babu komai. Yau kin san 9 na nufin ta ce ba ta sani ba, 99 ta ƙi amsawa, gurbin da ba komai kuma tambayar ba ta shafe ta ba. Nan da shekara huɗu ke ma sai kin yi ta zato, baƙo kuwa zai haɗa 99 cikin lissafin matsakaici ya fito da mace mai haihuwa 30. Don haka kowane fayil yana buƙatar ɗan littafin fassara: sunan ginshiƙi, tambayar kamar yadda aka yi ta, ma'anar kowace lamba, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ki haɗa da takardar tambayoyin ta Hausa, ba ta Turanci kaɗai ba, domin abin da ma'aikaciyarki ta faɗa a tsakar gida shi ne ainihin tambayar, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san me kika ƙirga a matsayin doguwar naƙuda, kwana ɗaya ko biyu. Ki ƙara da shafi guda da ke bayyana yaushe aka tattara, a ina, yaya aka zaɓi gidaje, mata nawa suka ƙi, me aka goge kuma don me. Umarnin da kika bai wa manhajar lissafi, Stata ko SPSS ko R, ma ki ajiye shi a fayil, yadda wani zai danna ya ga jadawalin maƙalarki ya fito kamar yadda kika buga.

Ki yi hattara da Excel, yana da karambani. Yakan cinye sifirin farkon lamba, 007 ta koma 7. Yakan juya 03/04 tsakanin Maris da Afrilu gwargwadon saitin kwamfutar da aka buɗe shi a kai, shi ya sa ake rubuta kwanan wata da shekara a gaba, 2022-04-03. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun sha fama da shi: a 2016 aka gano kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka liƙa jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da kuskure, saboda manhajar tana mayar da SEPT2 ranar 2 ga Satumba, MARCH1 kuma 1 ga Maris. Abin ya kai a 2020 sai sunayen aka sauya, tunda manhajar ta ƙi sauyawa. Namu ciwon kuma haruffa masu lanƙwasa ne. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon rubutun da aka buga da fon ɗin Rabi'at a kwamfutar da ba ta da shi ya ga yadda ƙasa take komawa }asa, ɗaya ta koma ]aya. Rubutattun hirarrakinki ki buga su da haruffan Unicode, ki adana da tsarin UTF-8. Alƙaluma kuma ki ajiye kwafi a tsarin CSV kusa da na SPSS ɗin, don CSV ko bayan shekara 30 kowace kwamfuta za ta buɗe shi. BBC ta kashe kuɗi mai yawa a 1986 ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan wasu faya-fayan zamani, kafin shekara 20 sai da aka yi aikin ceto don na'urar karanta su ta ɓace, alhali littafin ƙidayar 1086 da aka kwaikwaya yana nan ana karanta shi.

Wurin ajiya ba shi da wahalar zaɓi. Zenodo, wanda cibiyar CERN ta Siwizalan ke gudanarwa tun 2013, kyauta ne, yana karɓar har gigabait 50 a kowace ajiya, yana ba da DOI, yana kuma da wa'adi da ƙofa mai kwaɗo. Harvard Dataverse da OSF da Figshare ma suna aiki. Dryad yana da masu dubawa kafin a saki, amma ana biya, kuma sai kin yarda da lasisin CC0 wanda ke sakin komai ba sharaɗi, don haka bai dace da abin da ke buƙatar izini ba. Ga bayanan binciken gida-gida masu buƙatar tsaro akwai DataFirst a Jami'ar Cape Town da ICPSR a Jami'ar Michigan, na hirarraki kuma akwai Qualitative Data Repository a Jami'ar Syracuse. Abin da kika buɗe a fili ki sa masa lasisin CC BY idan kina son a wajabta ambaton sunanki. Google Drive da shafin sashenku na jami'a ba rumbu ba ne, ranar da aka daina biyan kuɗi ko aka sauya shugaban sashe mahaɗin ya mutu. Liƙa fayil a jikin maƙala a shafin mujalla ma ban cika son sa ba, don mujallun kansu suna ɓacewa: Mikael Laakso da abokan aikinsa sun ƙirga mujallu sama da 170 na kyauta da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, Martin Eve kuma ya duba maƙalu sama da miliyan 7 masu DOI ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba sa cikin manyan ma'adanan da ya bincika. Manya ma ba su tsira ba, shirin DHS kansa ya girgiza a farkon 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin hukumarta ta ba da agaji, USAID. Saboda haka kwafi uku: ɗaya a rumbu, ɗaya a ɗakin karatu ko ma'adanar jami'arku, ɗaya a faifai na waje mai kalmar sirri da ba a gini ɗaya yake da laftof ɗinki ba. Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, ko gobarar da ta ci ɗakin karatu na Jagger a Cape Town a Afrilun 2021, ya san amfanin nisanta kwafi da kwafi. Takardar da ke haɗa lambar kowace mace da sunanta kuwa a ajiye ta ita kaɗai a kulle, a kuma lalata ta a lokacin da kwamitin ɗa'a ya ƙayyade.

Abin da za ki rubuta wa mujallar zai zama kamar haka, da Turancin da suke so: bayanan takardun tambayoyi da aka cire wa alama, da littafin fassararsu, da umarnin lissafi, suna rumbu kaza a lambar DOI kaza, rubutattun hirarraki ba a buɗe suke ba saboda sharuɗɗan amincewar mahalarta, amma mai bincike zai iya nema ta hannun kwamitin ɗa'a na jami'a kaza a adireshi kaza, bayan ya sa hannu a yarjejeniyar amfani, muryoyi ba za a bayar ba. Adireshin ya zama na ofis, ba naki na kanki ba, don ke za ki iya barin jami'ar. Idan kwamitin ya ce ko tsabtataccen fayil ɗin ba zai fita fili ba, ki buɗe shafi a rumbun duk da haka, ki sa bayanin binciken da littafin fassara da takardar tambayoyi, ki faɗi dalilin rufe sauran.

Kafin ki ɗora komai ki zauna da malaminki, da wannan tsarin a rubuce a hannunki, ba da sigar gyara masa magana ba. A jami'o'i da yawa bayanan binciken digiri ba mallakin ɗalibi kaɗai ba ne, jami'a tana da haƙƙi, wanda ya ba da tallafi ma yana iya samun nasa sharaɗin a takardar yarjejeniya. Ku daidaita tun yanzu sunayen da za su fito a kan ajiyar da jerinsu, har da na matan da suka bi gidaje suka cike takardun, da tsawon wa'adin da za a sa, da wanda zai riƙa amsa masu nema bayan kin kammala.